Ranar da Na Hau Bodin Motar Ummi

Zuwa ga mai ɗakina, Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar da ba ta yankewa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike. Mu nan Yerimaram lafiya ƙalau. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, masara ta nuna.

Da hannuna nake rubuta wannan. Kin tuna dariyar da kika yi mini lokacin da na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci da furfura a gemu, kina cewa gida ya ƙara samun ɗan makaranta, sai a ƙara kwanon koko. To, karatun ya yi rana. Idan na gama, jikarmu Ummi, takwararki, za ta sa shi a waya don 'yan'uwa su gani, amma ke nake yi wa magana.

Labari ne mai daɗi na kawo miki. Ummi ta kawo mota gida.

Kin bar ta tana sabon shiga aikin malamar gona. Yanzu ta zama babbar mace, manoma har gida suke biyo ta da tambaya. Ranar Asabar da hantsi na ji hon a ƙofar gida, na leƙa, sai ga ta a bayan sitiyari. Ƙaramar a-kori-kura ce fara, mai gida biyu da ƙofa huɗu, 'yar Kwatano. Dilan ya ba ta wuni guda ta gwada, idan ta yi mata ta riƙe, idan ba ta yi ba ta mayar kafin magariba. Ta ce ba za ta yanke magana ba sai na duba na sa albarka.

Kin san halina. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirelar shanu daga Potiskum zuwa Kudu ba ya ganin ƙaramar mota da gashi. A garin nan ma kowa haka yake, ba a tambayar kyan mota, sai a ce nawa take ɗauka. Ke kanki kin sha gaya mini cewa ni komai sai na auna shi da buhu, har tuwon da kike zuba mini.

Na zagaya motar, na daki taya da ƙafa, na auna bodin da sandata. Gajere ne. Raguna za su shiga, buhunan wake kaɗan za su shiga, amma sa ko guda ba zai tsaya a ciki ba. Na leƙa gidan baya, na ga wurin ƙafa a matse, dogon mutum sai gwiwarsa ta taɓa kujerar gaba. Na ce wa Ummi wannan ai maraƙi ne, ba mota ba. Ta yi dariya ta ce, "Angona, ni ba shanu zan kai Legas ba."

Na aika aka kira maƙwabcinmu Bulus bakanike, mutumin Filato da kike aika wa matarsa fura. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya buɗe gaba, ya sa aka tayar ya kasa kunne. Ya ce injin ba ya hayaƙi, ba ya yoyon mai, kuma ba irin motocin nan ba ce masu shan fetur kamar raƙumi ya samu rijiya. Tayoyin gaba sun ci ƙasa, dole a canja. Sifirin na baya yana da tauri, idan babu kaya za ta riƙa tsalle. Ban da wannan, ya ce da shi ne da ya riƙe.

Ni dai raina bai kwanta ba. Na ce idan a-kori-kura take so, me ya hana ta nemi babba, mai tsawo, wadda idan ta tsaya a ƙofar gida za a san an tsaya?

Sai ta zaro wata igiya daga jakarta, mai ƙulli guda a jiki. Ta buɗe ƙofar gaba, ta taka bakin igiyar a ƙasa, ta ja ta sama. Ƙullin ya zo daidai da kujerar. Ta ce tsawon ƙugun Abbanta ne idan ya miƙe a kan ƙafarsa mai lafiya. Ashe ta daɗe tana yawo wurin dillalai da igiyar nan. Manyan motocin sun yi tsawo, sai an ɗaga shi. Ƙananan na shiga gari sun yi ƙasa, sai ya faɗa ciki, kuma ba za su bi hanyar gona ba, kekensa ma ba zai shiga ba. Wannan kaɗai ta samu da zai juya ya zauna da kansa, ga mariƙi a saman ƙofa daidai hannunsa na dama.

Hajara, sai na bi ƙullin nan da kallo.

Kin san yadda kika bar Abban nata, Babayo. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu yake ɗakin nan. Kina raye aka kai shi asibiti a napep, samari suka cicciɓe shi kamar buhu, hularsa ta faɗi, mutane suka taru suna ta Allah sarki. Daga ranar ya ce ba zai ƙara fita a ɗauke shi a gaban jama'a ba. Bayanki ma bai canja ba. Mutumin da ba ya iya wuni bai leƙa gona ba, ga shi damina tana zuwa tana wucewa, sai dai ya ji ƙamshinta ta taga. Maganarsa ta ragu, abincinsa ya ragu. Ina zaune ina kallon ɗanmu na fari yana ƙarewa a gabana.

Ummi ta ce yau gona za mu, a gasa masara, yara su yi wasa a bakin tafki. Idan Abba ya shiga, motar ta zauna. Idan bai shiga ba, babu amfaninta, za ta mayar.

Ta shiga ta yi ta lallashinsa. Ban san abin da ta gaya masa ba, amma sai ga shi ta turo shi har zaure, da farar riga da hula. Ya dubi motar ya daɗe. Ta buɗe masa ƙofar gaba, ta tura kujerar baya don ƙafarsa ta samu wuri. Har ya kai hannu zai kama mariƙin, sai ya tsaya, ya juyo ya tambaye ni inda zan zauna. Na ce gidan baya, tare da yara.

Nan take ya janye hannunsa. Ya ce, da harshensa mai nauyin nan, "Ni a gaba, Baba a baya? A Yerimaram? A mayar da ni ciki."

Tarbiyyarki ce, ba ki da wanda za ki zarga. Yaron da bai taɓa zama a kujera ina kan tabarma ba. Gidan gaba na babba ne, kowa ya san haka, ko a tasha idan dattijo ya zo sai a tayar da saurayi. Muka gwada ko zai shiga gidan baya, ƙofar ta yi kaɗan, ƙafar hagun ba ta lanƙwasuwa. Na ce na yafe, ya ƙi. Na ce to ni na fasa zuwa, ya ce shi ma ya fasa. Bulus ya sa baki, bai ji ba. Na dubi Ummi, na ga ta juya baya tana gyara mayafi, ta kasa ɓoye hawayen.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce a ɗauko mini tabarma da turmi. Na taka turmin, Bulus ya riƙe ni, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na haye bodin nan. Na shimfiɗa tabarma na zauna, na jingina da bayan gidan direba. Na ce an kira ni duba mota, na duba gaba, na duba ƙasa, saura baya, kuma ba na duba abu rabi. Na ce ba zan sauko ba sai a gona. Wanda ya ga dama ya bar ubansa a rana.

Rana kuwa ta take, ƙarfen har ya fara zafi.

Babayo ya dube ni, na kawar da kai kamar ban gan shi ba. Can sai na ji yana cewa Ummi, "Tsohon nan zai kashe ni da rigima. Matso da keken." Ya kama mariƙin da hannun dama, ya miƙe a kan ƙafarsa, ya juya, ya zauna. Ƙafar hagun kaɗai Ummi ta ɗaga masa. Babu wanda ya cicciɓe shi. Hularsa tana kansa.

Aka naɗe keken aka miƙo mini. Aka ɗora tulun roba na ruwa, da gawayi, da kwanon dambu. Bulus ya shiga gidan baya da ƙananan jikoki, manyan suka hauro wurina.

Da kin ga yadda muka ratsa gari! A majalisar Dogo Nini tsofaffin abokan tuƙina suka miƙe tsaye, wani ya ɗaga murya, "Alhaji, an sauke ka daga gaba ne? Nawa kan rago?" Na ɗaga musu sanda na ce jikata ce ke tuƙi, ɗana ne a gefenta, wanda ya isa ya yi irin nawa. Wallahi ban taɓa jin girma a saman tirela kamar yadda na ji a kan tabarmar nan ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, Bulus bai yi ƙarya ba. Muna barin kwalta ta fara tsalle. Kowane rami sai da na san da shi a ƙashin bayana, yara suna ihu suna cewa a ƙara. A kwarin nan da ruwa ke kwanciya, inda akan bar mashin a ƙarasa da ƙafa, na ce yau za a gane maraƙi ne ko sa. Ummi ta tsaya, ta sa giyar da tayoyi huɗu ke ja tare, ta shiga a hankali, ba ta taka burki ba, ba ta yi gaggawa ba. Laka ta fantsamo har kan rigata. Muka fita. Ni ban koya mata wannan ba, amma na ga hannuna a ciki.

Siririyar hanyar nan tsakanin gonaki ma ta bi ta ba ta taka wa kowa shuka ba. Babbar da nake so da a bakin hanya za mu bar ta.

Ta kai mu har gindin tsamiyarmu. Babayo ya sauka kamar yadda ya hau. Muka buɗe murfin bodin ya zama tebur, aka hura wuta, yara suka ruga tafki. Shi kuwa ya ƙura wa gonar ido. Na ɗauka kuka zai yi. Sai kawai ya fara faɗa! Wa ya shuka waken nan a matse haka? Wa ya bar ciyawa a kunyoyin gabas? A kira masa mai aikin. Hajara, rabon da in ji muryarsa ta tashi haka tun kina nan. Na zauna ina cin masara ina jin faɗan nan kamar ana yi mini kiɗa. Shi ma ya ci guda biyu, ya nemi dambu.

Bayan la'asar muka juyo. Na koma tabarmata, wannan karon bai hana ni ba. Da muka kusa gari sai na ga motar ta bar hanyar gida. Na ƙwanƙwasa gilashi, Ummi ta yi mini alama da hannu cewa Abba ne ya ce.

Wurinki muka zo.

Ranar da aka kai ki yana kwance, a ɗaki ya ji tafiyar mutane. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa tayar masa ba. Ummi da yara suka tsaya a mota a bakin ƙofar maƙabarta. Ni da Bulus muka tura keken cikin yashi, da muka kusa Bulus ya cire hula ya ja baya. Na nuna masa inda kike, kusa da ƙaramar bishiyar dogon yaron nan. Ya ɗaga hannunsa guda ɗaya, ya yi miki sallama, ya ce, "Inna, na zo. Na makara, amma da kaina na hau mota." Ya yi miki addu'a mai tsawo. Na riƙe masa ɗaya hannun don su zama biyu.

Kafin magariba Ummi ta kira dilan ta ce ta riƙe. Ta tambaye ni hukuncina, na ce gidan baya a matse yake, bodin yana karya tsoho, kuma a canja tayoyin gaba kafin a ƙara zuwa ko'ina. Sannan na ɗora hannu a kanta na sa albarka, motar da mai motar.

Allah Ya jiƙan ki, Hajara, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya ƙara wa Babayo lafiya, Ya tsare Ummi a kan hanya, Ya ba ta masu yi mata kamar yadda ta yi wa ubanta. Allah Ya saka wa Bulus da alheri. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa ni da ke a inda babu rabuwa. Amin.

Naki har kullum,
Alhaji Garba Direba,
Yerimaram, Potiskum.