Akwatunan Amana da Jar Takardar da Kuka Manna Mini

Zuwa ga jami'in da ke kula da izinin gine-gine a unguwarmu, nan Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce matar da ma'aikatanka suka manna wa jar takarda a ƙofar ɗakin ajiya ranar Lahadi, suka ba ni kwana bakwai in rushe shi ko su rushe. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto a fili. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗakin nan na kwano ne da katako, a bayan gidan da muke haya. Marigayiya mahaifiyata ce ta sa aka kafa shi. Kuskurenmu na amsa shi: a wajenmu abin da ba a zuba wa siminti ba rumfa ce, ba gini ba, don haka neman izini bai taɓa zuwa mana a rai ba. To, na zo in gyara, ga abin da na tarar.

Na farko, an ce mai gida kaɗai ke da ikon neman izini, ba ɗan haya baƙo irina mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba. Mai gidan ya rasu. Magadansa tara ne, ko gaisawa ba sa yi. In kana da dabarar haɗa sa hannunsu cikin kwana bakwai, don Allah ka koya mini.

Na biyu, an ce in matsar da ɗakin nesa da katangar maƙwabci. Bayan gidan duka taku huɗu ne. In matsar da shi zuwa ina, cikin falo?

Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai. An miƙo mini takarda in rubuta abin da ke cikin ɗakin, ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta gaskiya: akwati goma sha ɗaya, ban san abin da ke ciki ba. Ma'aikacinka ya yi dariya har da buga tebur, ya dawo mini da ita. Ranka ya daɗe, tun zamanin kakanninmu, wanda zai yi tafiya gida yakan bar akwatinsa wajen wadda ya yarda da ita, kuma ba a buɗewa. Ba a ko tambaya. Ranar da na ɓalle kwaɗo ɗaya, na gama zubar da mutuncin gidanmu a idon jama'a.

Cikinsu akwai koren akwatin Inna Saddiƙa, tsohuwar da ta tafi Sudan duba 'yarta, yaƙi ya rutsa da ita. Har yau ba labari. Ɗakunanmu biyu, mu takwas ne a ciki; akwati uku na iya cusawa ƙarƙashin gado, nata kuwa ko ta ƙofa ba ya shiga. Kuna so in ajiye shi a titi, motar shara ta kwashe? In matar nan ta dawo ba ta da komai a duniya sai shi, da wane baki zan yi mata bayani?

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ƙara mini wata uku in nemi masu kayan ko danginsu. A bar ɗan haya ya nemi izini in mai gida ya rasu. In tsoron abin da ke ciki kuke yi, ku zo da na'urar da ake haska kaya a filin jirgi, ban hana ba.

In kuma duk ba za a yi ba, ka zo da kanka ranar rushewar, kada ka aiko. Zan kira limaminmu da dattawa biyu, in damƙa maka akwatin Inna Saddiƙa a gabansu, amanar ta koma wuyanka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya tsare ka daga ɗaukar hakkin wanda ba ya nan.

Wassalam.

Ummu Bashir, Jidda.