Kwana Shida Babu Funfuna

Litinin, 7 ga Yuli

Auta ta biyo da safe kafin ta wuce wurin aiki, ta same ni ina shan shayi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta fizge burodin daga hannuna. "Baba, funfuna ce fa! Ba ka gani ba?" Na ce na gani mana, da ma gefen zan yanke. Ta jefa shi kwandon shara har da ledar. Burodin da na sayo ranar Alhamis a babban kanti.

Daga nan aka koma tsohuwar waƙa: wai yanar idona ta nuna, a yi mini aiki, in koma gidanta in yi jinya. Na san irin wannan jinyar. Ka shiga da niyyar mako biyu, kafin ka farga an zuba 'yan haya a gidanka. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyya a sakandare, yau yarinyar da na koya wa riƙe cokali ce za ta gaya mini abin da nake gani da wanda ba na gani. Kuma babu mai kusantar idona da wuƙa. Laifin burodi ne, ba na ido ba. Zan nuna mata.

Laraba, 9 ga Yuli

Abin ai a fili yake. Ƙwayoyin funfuna suna yawo a iska ko'ina, laima da ɗumi kawai suke nema su zauna. Su kuma masu gidan burodi sauri suke, ba sa bari ya huce, sai su yayyanka su ɗure shi a leda. Tururi ya zama gumi a ciki. Ya kwana a mota, ya kwana a kan kanta, kai kuma ka zo ka ɗauka kana murna wai sabo ne. Dole ya yi kore kafin mutum ɗaya ya kai rabinsa.

Na yanke shawara, da kaina zan gasa. Ya fi tsabta, ya fi araha.

Na buɗe obin ɗin mahaifiyarsu. Shekara huɗu ke nan ba a kunna shi ba, tun rasuwarta. Tsumman da take kama tire da shi yana ciki, a ninke. Na ɗan daɗe a tsugune.

Mai ɗinki, maƙwabciyata, ta ara mini gwangwanin gashi. Tana miƙo shi tana dariya: "Malam, bayan ritaya kuma gidan burodi za a buɗe? Allah ya kawo kasuwa."

Juma'a, 11 ga Yuli

Na farko bai tashi ba. Da shi za a iya tokare ƙofa. Ina jin gishiri na zuba a wurin sukari, robobin nan iri ɗaya ne sak. Rubutun jikin fakitin yis kuwa, wanda ya buga shi ba ya tsoron Allah, ko ƙafar tururuwa ta fi shi kauri.

Asabar, 12 ga Yuli

Yau kam! Na ɗanɗana komai kafin in zuba. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Na murza ƙullun har kafaɗuna suka yi tsami, na rufe shi, na dawo bayan awa ɗaya na same shi ya cika kwano fam. Da ya fito daga obin, ƙamshi har waje, mai ɗinki ta leƙo ta katanga ta ce ashe da gaske nake.

Na bar shi ya huce sarai, awa uku, sannan na sa shi a roba mai murfi. Ba gumi, ba leda.

Na kira Auta. Na ce mu yi yarjejeniya: idan burodin nan ya kai kwana bakwai lafiya, maganar aikin ido ta mutu, kada in sake ji. Ta ce, "In kuma ya lalace fa, Baba?" Na ce ba zai lalace ba. Ta ce to, Asabar mai zuwa za ta zo ta gani da idonta. Na ce ta zo da duka biyun.

Talata, 15 ga Yuli

Kwana uku. Tas. Na juya shi, na duba sama da ƙasa, babu ko ɗigo.

Maganar araha, gaskiya sai a hankali. In aka haɗa fulawa da yis da bota da gas, aka ɗora na ranar Juma'a da ya tafi shara, guda ɗayan nan ya ci kuɗin na kanti biyu. Amma farko ne. Mai ɗinki ta ce ga mai iyali ne abin yake da sauƙi, ni kaɗai fulawar ƙwari za ta yi kafin in cinye. Ita dai ba ta rasa abin faɗa.

Ƙwan fitilar kicin ya fara dushewa, sai an canza.

Alhamis, 17 ga Yuli

Kwana biyar. Ɗanɗanon ya ɗan sauya, kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Na gida ke nan, ƙara nuna yake.

Juma'a, 18 ga Yuli

Kwana shida, babu funfuna!

Mijin Auta ya zo da rana ya gyara mini famfon banɗaki da ke ɗiga. Yaron kirki, ba ya iya haɗa ido da ni, shekara takwas da auren amma har yau a bakin kujera yake zama. Na ce ga shaida ta kawo kanta. Na haɗa masa shayi, na yanko masa biyu masu kauri, na sa a faranti na miƙa masa da hannuna.

Ya daɗe yana kallon farantin. Na ce, "Ci mana, ba na kanti ba ne, ni na gasa." Ya ce, "To, Baba." Ya ci a hankali, yana korawa da shayi. Na ce yaya? Ya ce, "Baba, an yi ƙoƙari." Na ce ƙoƙari kawai? Na ƙara masa ɗaya. Ya cinye.

Na ce ya je ya gaya wa matarsa abin da ya ci. Gobe sai in ga bakinta.

Asabar, 19 ga Yuli

Ta zo. Ba faɗa, ba ɗaga murya, da ma ta yi faɗan. Ta ɗauki robar ta kai bakin taga, ta shiga ɗakina ta ɗauko madubin ƙara girma da nake nuna wa ɗalibai ganye da shi, ta sa mini a hannu. "Duba, Baba."

Na duba.

Kore, da fari mai gashi-gashi, da baƙaƙen ɗigo. Duk ƙasan, da gefen da nake yanka.

"Wannan ka ba shi jiya. Yanka uku. Yana gida a kwance, cikinsa ke juyawa. Kai kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe kake ci."

Na ce me ya hana shi magana? Ta ce in tambaye shi.

Abin da ya fi ci mini rai, na sani. Na kanti akwai sinadarin da ke jinkirta lalacewa, na gida babu, shi ya fi saurin yin funfuna. Da bakina na koyar da wannan a aji. Amma da na duba ban ga komai ba, sai na zaɓi in yarda da idona.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ban fita ba. Na mayar wa mai ɗinki gwangwaninta ta katanga. Ba ta yi dariya ba, wato ta ji.

Alhamis, 24 ga Yuli

Mijin Auta ya warware. Na kira shi jiya in yi masa sannu, magana ta ja magana, yau ya zo ya kai ni asibitin ido. Awo kawai, ba wani abu ba. Likitar ta nuna mini allo ta ce in karanta. Na karanta na sama. Sauran, wa ya san abin da suka rubuta.

A hanyar dawowa ina kallon taga na ce masa, "Kai kuwa me ya sa ka ci?" Muka wuce gidan mai. Sai ya ce, "Baba, na ga yadda kake murna ne."

Na ci gaba da kallon taga har muka iso gida.

Asibitin sun ba da ranar Talata don aikin, da idon dama za a fara. Ni dai ban ce na yarda ba. Na ce masa kawai ya zo da wuri, kada mu tarar da layi.