Muryar da ke Cikin Wayar Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya. Idon Baba yana nan yadda kika bar shi, haske da duhu kawai yake bambancewa.

Kin tuna manhajar da na sa masa a waya, mai karanta masa saƙo da murya? Ashe ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, tsallake su take yi. Da kika rubuto cewa ɓarawo ya shiga ɗakin maƙwabtanku, sai ta ce "arawo ya shiga akin", har Baba ya tambaye ni ko haƙoranki ne suka zube.

Manhajar ta kyauta ce, kuma cikinta a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Na rubuta rahoton matsalar a shafinsu. Mai kula da ita, wani dattijo a wata ƙasa da kowa ke ce wa Kaka, ya amsa cewa bai san harshenmu ba, ko zan gwada? Tunda irin aikin da nake yi a ofis ne, na gyara na tura, ya karɓa. Ranar da wayar ta karanta saƙonki tsaf, Baba ya sa ta maimaita har caji ya ƙare.

A shafa min kan yara.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yafe min dogon shirun nan. Ba mantawa na yi ba.

Kaka ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa ce ta rubuto, ta ce da hannunsa mai lafiya ya nuna sunana in gaje shi, ga kalmomin sirrin shafin duka. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Yanzu duk gyaran da wani ya turo sai na duba kafin ya shiga, duk kukan da aka kawo kaina yake sauka. In na rufe rahoto ɗaya, sai na tarar wasu sun tsiro. Ga wata ɗaliba makauniya da muryar ta ɗauke mata ana gab da jarrabawa. Ga wani da ya zage ni tas saboda na yi jinkiri, kamar shi ke biyana.

Baba kuwa ya raba lambata a ƙungiyarsu ta makafi, wai 'yarsa ce ke sa waya magana. Kullum falonmu cike da baƙi, kowa da wayarsa a hannu. Teburin cin abinci ya koma ofis, yara a ƙasa suke ci. Babansu ba ya faɗa, sai dai ya ɗauki filo ya koma ɗaya ɗakin, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. A wurin aiki ma shugabana ya fara kallon agogo in na shigo.

Na sanar a shafin cewa ina neman mai karɓa. Addu'o'i suka yi ta zubowa, ba wanda ya ce ga ni, sai wani kamfani. Da na karanta abin da suke son cusawa a ciki, sai na ga saƙonnin mutane za su riƙa kwasa suna sayar wa masu talla. Mutanen da ba za su taɓa ganin ana yi musu ba! Na ce a'a, na koma kujerata.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yayata,

Ina fata kin tashi lafiya, ya jikin ƙaraminku?

Ranar hutu na zaunar da Baba na gaya masa gaskiya: na gaji, zan ajiye aikin manhajar, kuma in na ajiye, wata rana wayoyi za su sabunta kansu muryar ta mutu. Na zaci zai roƙe ni. Sai ya laluba ya kama hannuna, ya ce shi bai haife ni don in zama baiwar waya ba, in ajiye, jikoki za su karanta masa. Na ji kamar an sauke min dutse daga ka. Har na rubuta sanarwar sallama, saura turawa.

Kwana biyu ban ji muryar daga ɗakinsa ba. Jiya ina neman maganinsa na tarar da wayar a ƙasan akwati, a kashe, ya naɗe ta cikin hula. Ashe saƙonki na ƙarshe ma bai ji ba. In yara suna makaranta, sai ya jira su dawo su karanta masa, ya ƙi kunna wayar don kada muryar ta ɗauke ya sa ni gyara.

Yaya, na goge sanarwar. Na jona masa wayar a wuta, na sa masa a hannu.

Zuwan da na yi miki alkawari ba zai yiwu bana ba. In kin samu dama, ke ki zo.

Taki har kullum,
Auta