Casa'in da Tara Ba Ƙoshi Ba Ne

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa da gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya lau. Yaya ciwon gwiwar? Ina fata kina shafa maganin, ba ki raba wa maƙwabta ba irin na wancan karon. Yaya Yaya Babba da yaranta? Ni lafiyata ƙalau, kuma tun kafin ki tambaya, ina cin abinci.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa alhali ga waya. Akwai maganar da nake so in kai ƙarshenta ne, a waya kuwa ba kya barin mutum ya dasa aya.

Kin daɗe kina gaya wa mutane gyaran rediyo nake yi. Mama, ba rediyo ba ne. Wasa muke ƙerawa, irin na 'yar na'urar nan ta hannu wadda allonta bai kai tafin hannunki ba. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya a saman shagon masu faci, fanka ɗaya muke rabawa, tagarmu kuma bangon maƙwabta take kallo. Akwai Shugaba, mai kamfanin. Akwai Injiniya, wanda ke koya wa na'urar abin da za ta yi. Akwai Mai Zane. Sai wata baiwar Allah da muke kira Gatari, aikinta ta buga wasan ta gano inda ya lalace, kuma tunda na san ta ban taɓa jin ta yabi komai ba. Ni ne mai rubuta labari da duk maganar da ke fita daga bakin mutanen ciki.

Labarin na wani saurayi ne da ya bar gida zai je ya kashe Dodo mai kai tara. Mai wasa shi ne saurayin: ya shiga garuruwa, ya yi tambaya, ya sayi takobi, ya sha duka, ya yi ƙarfi. Tafiyar tana da tsawo, ba a gama ta a zama ɗaya, saboda haka dole a sami wurin da mutum zai ajiye wasansa ya dawo gobe ya ɗora. Wasu kamfanonin dutse suke kafawa a bakin hanya, ka taɓa shi ya riƙe maka. Ni na ce a'a, saurayin nan ya riƙa komawa gida wurin uwarsa, ita za ta ajiye masa.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na zauna rubuta maganar uwar, kaina ya bushe ƙaf. Sai na buɗe saƙonnin muryar da kike aiko min, sun fi ɗari biyu, na kwashe su kalma da kalma. Maganar rigar sanyi tana ciki. Maganar abokan banza tana ciki. Har wadda kika ce na rame kamar tsinke, alhali muryata kawai kika ji, ita ma tana ciki. Mai Zane ya nemi hoto, na ba shi naki.

A taƙaice dai, Mama, kina cikin wasa, kuma ban nemi izininki ba. Ki yafe min. Na san wata goma sha huɗu ke nan ban zo gida ba, da zarar mun miƙa aikin nan za ki gan ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗanki,
Auta

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar ban girma. Ina fata kuna lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Sati biyu ke nan ban ji amsarki ba, ko saƙon murya ɗaya bai shigo ba. Yaya Babba ta ce kin sa an karanta miki wasiƙar sau biyu, kin ninke ta kin sa a jaka, ba ki ce uffan ba. Shirunki ya fi faɗanki tayar min da hankali.

Nan ma ba lafiya ba. Ranar Litinin aka haɗa wasan gaba ɗaya aka miƙa wa Gatari. Ranar Laraba na leƙa allonta in ga ko ta kai gari na uku, sai na tarar saurayin yana nan zaune a ɗakin uwarsa da kwano a gabansa. Kwana uku bai taka ƙofar gida ba.

Ga abin da ya faru. Ni na rubuta cewa uwar ba za ta buɗe ƙofa ba sai yaron ya ƙoshi. Injiniya ya tambaye ni nawa ne ƙoshi, na ce ɗari, ya sa ɗari. Shi kuwa Mai Zane, da ya zo zana ma'aunin ciki a kusurwar allo, gurbin lamba biyu kawai ya bari saboda wurin ya yi kaɗan, Injiniya kuma ya tsayar da ma'aunin daidai da gurbin ba tare da ya tuna maganarmu ba. Cikin yaron ba ya wuce casa'in da tara. Ya ci, ya ci, ya miƙe ya nufi ƙofa, ke kuma, wato ita, ki dube shi ki ce bai ƙoshi ba, ki ƙaro masa. Gatari ta ƙirga kwano dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida. Ta gwada taga, kin sa labule. Ta gwada ƙin ci, kin zauna kin zuba masa ido har ta ji kunya ta danna. Dodo yana can yana cinye garuruwa, jarumi yana gida yana suɗe kwano.

Injiniya ya ce laifin Mai Zane ne, Mai Zane ya ce laifin Injiniya ne, daga ƙarshe suka haɗu a kan cewa laifin wanda ya kawo uwarsa wurin aiki ne. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, domin rikicin ne ya sa Shugaba ya zauna ya auna kowane abu, ya gano kaset ɗin da za a zuba wasan a ciki ya cika har ya yi ambaliya. Kaset ɗin nan kamar akwatin tafiya ne, in ka tura wani abu sai wani ya fito. Da aka duba, maganganunki sun fi Dodo da fadarsa cin wuri.

Shugaba ya yanke hukunci: ranar Juma'a a cire uwa, a kafa dutse. Ya ce dutse ba ya surutu.

Mama, dariya na yi a gabansu, amma da na sauko ƙasa na tsaya wajen masu faci na rasa inda zan nufa. Ban san na saba ba. Ashe kullum da safe kafin kowa ya iso nakan kunna na'urar in shiga ɗakin nan, ki tambaye ni ko na karya. Yanzu ga shi za a cire ta can, ke kuma nan kin yi shiru.

Ki taimaka ki ce wani abu, ko zagi ne.

Ɗanki,
Auta

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Allah ya sa gwiwa ta bar ki kin yi barci.

An cire ki ranar Juma'a, an kafa dutse. Mai Zane ya yi ƙoƙari, dutse ne mai kyau. Gatari ta buga wasan daga farko har ƙarshe cikin kwana huɗu, ta rubuta rahoto layi ɗaya cewa babu kuskure ko ɗaya. Shugaba ya yi murna ya tambaye ta ko ya yi daɗi. Ta ce ba a ɗauke ta aikin jin daɗi ba, amma tunda ya tambaya, ya karɓa ya buga ƙarshen da kansa.

Muna tsaye a kansa ya sare kawunan Dodo tara ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba, yana cije leɓe. Dodo ya faɗi, kiɗa ya tashi. Sai saurayin ya juyo ya kama hanyar dawowa kamar yadda na rubuta tun farko, ya ratsa garuruwa, ya iso, ya tsaya a gaban dutse. Shi ke nan. Dutse bai ce sannu da zuwa ba. Shugaba ya danna maɓalli, ya sake dannawa, ya girgiza na'urar, sannan ya ɗago ya tambaye ni wa yaron zai gaya wa ya kashe Dodo. Na ce ai ga dutse nan.

A nan ne Gatari ta fasa ƙwai, ta ce a kwana ukun da ta yi a kulle a ɗakinki sau biyu tana fita baranda ta kira mahaifiyarta, wadda rabonta da ita tun bara, kuma duk wanda ya maimaita maganar nan a waje zai gane dalilin sunanta.

Aka mayar da ke. Sai dai akwati bai ƙara girma ba, dole wani ya fita, aka waiwayi Dodo. Kowane kai da zanensa da irin wutar da yake fesawa, aka sare biyar aka bar masa huɗu. Mai Zane, wanda ya yi wata biyu a kan kawunan nan har ya raɗa wa kowanne suna, ya ƙi cin abincin rana, muka yi ta ba shi baki.

Saura matsala ɗaya. Duk mutanen garuruwan suna ta faɗin Dodo mai kai tara, kuma babu lokacin bin su ɗaya-ɗaya a gyara. Na koma cikin saƙonninki, na samo wanda kika aiko lokacin da aka ce maƙwabcinmu ya sayi motoci. Yanzu kafin yaron ya fita yaƙin ƙarshe, uwar takan ce masa mutane da ƙari suke, in an ce maka tara ka ɗauka huɗu ne. Shugaba ya ce wannan layin ya fi duk abin da na rubuta a shekara biyu. Ban gaya masa ba nawa ba ne.

Mun miƙa wa masu buga kaset jiya. Ga na'ura ɗaya da kaset ɗin gwaji na ba direba ya kai wa Yaya Babba, yaranta za su nuna miki yadda ake yi. Gani ya kori ji. In kin ga abin bai dace ba, ni dai na riga na ba da haƙuri.

Ɗanki,
Auta

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma fatan lafiya ta ƙaru. Saƙonki ya iso, minti goma sha tara, na saurare shi sau uku.

Na karɓi gyare-gyaren. Na yarda hancin ba naki ba ne. Na yarda ba kya barin kwano a ƙasa ba murfi. Na kuma ji cewa shirun da kika yi ba fushi ba ne, jira kike ki ga abin da ido kafin ki san irin faɗan da ya dace. Maganar da kika ce a ƙara wa yaron bargo, an riga an buga kaset, sai dai a na gaba. Mai Zane ya gode da ta'aziyyar kawunan Dodo.

Amma ƙarshen saƙon ne ya hana ni sakat. Yaya Babba ta ce ba ki yarda jikokinki sun je ko'ina a cikin wasan ba, da sun ɗan yi nisa sai ki ce su mayar da yaron gida ki gani. Kika ce kin ƙirga, yaron cikin na'ura ya dawo wurin uwarsa sau arba'in da ɗaya a sati guda, ga Dodo a gabansa, ni kuwa ba ki san abin da nake kashewa ba wata goma sha biyar.

Na zauna ina gina ɗakinki a allon da bai kai tafin hannu ba, alhali na gaske yana nan, tafiyar yini ɗaya. Kunya ta kama ni, kewarki kuma ta fi kunyar.

Na sayi tikitin motar safe ta ranar Asabar. Zan zo da rigar sanyi a jikina ko da rana ta take. Shugaba ya ba ni sati ɗaya, na gaya masa kada ya dogara da lissafin nan, domin ƙofar cikin wasa kaɗai Injiniya ya gyara. Ta gida ki bar ta yadda take. In na miƙe na ce na ƙoshi, ki dube ni ki ce casa'in da tara ne.

Sai na iso.

Ɗanki,
Auta