Da Hoton Gwaggona Na Samo wa Garinmu Rijiya

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da aikin kaka. Don Allah kada a buga sunana ko na garinmu, mutanen da zan ambata ma duk na sauya musu suna. Ina kuma roƙonku ku kai ƙarshen wasiƙar nan kafin ku tsine mini, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, saura kwana ashirin asirina ya tonu.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani gari tsakanin Mayahi da Tasawa, ni ne kuma sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta garin. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba, ni kaɗai ne na yi lekol, wato makarantar boko, har na iya rubuta Faransanci. Da aka sami mulkin kai sai labari ya fara zagawa cewa akwai ƙungiyoyi a ƙasashen Turai, gidauniya ake ce musu, masu taimakon ƙauyuka don ganin damarsu. Mutanenmu suka ce to Mushe (haka ake kiran malamin boko a nan), sai ka nemo mana rijiyar siminti. Ka ce abin a kasuwar Mayahi ake kasa shi! Wani akawu a biron sufurefe, wato ofishin babban jami'in mulki na yankin, ya ara mini wani ɗan littafi mai sunayensu da adireshinsu, na yini guda kawai, na zauna a barandarsa ina kwafa har yatsuna suka sandare. Daga nan na shiga aikin da ba wanda ya san wahalarsa sai ni. Na gano wasu asibiti kaɗai suke ginawa, wasu makaranta, wasu ba sa kallon wasiƙarka sai ƙungiyarku tana da takardar shaidar hukuma, wasu kuma sai ka biyo ta hannun wanda suka sani. Na ja layi a littafina, kowace gidauniya da abin da take so da watan da take karɓar takardu. Shekara biyu ina taka keke zuwa gidan waya na Tasawa. Har na kai daga kaurin ambulan nake gane amsar: in siririya ce, to haƙuri aka ba ni.

Mutanen garinmu kuwa ba su da haƙurin takarda. Suka sa mini suna Mushe Sai-wani-sati. Ranar da ba zan manta ba, a wurin awon gyaɗa, gaban dillalai da 'yan kamyo, direbobin manyan motoci, mai gari ya dube ni ya ce, "Mushe, lasar tambur ɗin ga ta isa hakanan. In ba ka iyawa ka hwaɗi, mu ba wani." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, ta dole. Ba na kawo wannan don in wanke kaina ba ne, so nake ku san irin zuciyar da nake ɗauke da ita lokacin da ambulan mai kauri ta iso. Wata gidauniya ce ta manoma a wata ƙasa mai sanyi, aikinsu ke nan haƙa rijiyar siminti. Suka jero sharuɗɗa: a faɗi zurfin tsohuwar rijiya, masu gidaje su dangwala yatsa, a aiko da hotuna masu nuna yadda ake jan ruwa. Can ƙasa kuma suka ce gari ɗaya tak za su zaɓa a kowane kanto, wato ƙasar hakimi ɗaya, garin da ya fi buƙata.

A nan Sallau ya shigo. Sallau taubashina ne, ɗan Gwaggo Hassu ƙanwar mahaifina, wadda a hannunta aka yaye ni. Suna zaune a wani gari da zan kira Tudu, tafiyar hantsi daga namu, cikin kanto ɗaya da mu. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya irin ta taubasai, shi ya ce mini ɓarawon alli, ni in ce masa mai kan tulu. Ni da bakina na yi masa alfahari a kasuwa cewa na kamo bakin zaren. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana. "Kai ɓarawon alli, tunda ka iya yaren nan nasu, ka rubuta muna tamu. Ka san dai abin da tsohuwarka ke gani bakin rijiyar can." Na sani kuwa. Rijiyarmu gaba goma sha biyar ce, laifinta kawai bakinta na zubewa da damina ruwan ya gurɓace. Ta Tudu gaba arba'in ce, sai mata biyu sun kama igiya kafin guga ya hau, kuma da bazara tun safe ake bin layi har azahar. Na rubuta musu wasiƙa, na ma fi tamu tsara ta, don gaskiya ba ta wuyar rubutu. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, zancen gari ɗaya a kanto.

Ku da kuke ƙauye kun san abin da dangwala yatsa yake nufi ga dattawanmu. Tun zamanin aikin tilas, duk wanda ya sa yatsa a takardar Nasara bai ga alheri ba. Mutanen Tudu suka ƙi fur. Sai da Sallau ya tsaya a ƙofar masallaci ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba ta haraji ba ce, ba ta ɗibar soja ba ce, sannan suka miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar da tunkiyarsa ya ɗauko mai hoto daga Tasawa. Mu ma mun ɗauko shi. To amma mutanen garinmu, da suka ji za a kai hotonsu ƙasar Turai, sai kowa ya buɗe adaka. Shekarar gyaɗa ta yi kyau, mai gari ya sha babbar riga ya sa aka kai masa kujera bakin rijiya, dattawa suka jeru da rawuna, mata suka ci ado kamar ranar sallah. Na ce ranka ya daɗe, ai wahala aka ce mu nuna. Ya ce, "So kake Nasara su ɗauke mu matsiyata?" A Tudu kuwa Gwaggo cewa ta yi da mai hoton in zai ɗauka ya ɗauka, ita ruwa take ja. Haka ya ɗauke ta, da tsohon zane, ta saki igiya ke nan ta buɗe tafin hannuwanta, duk kanta da tsaguwa.

Sallau ya damƙa mini dosiyensu, takardu da hotuna, ya ce in haɗa da namu in sa a waya. Na isa Tasawa da hantsi, na zauna gindin itacen bedi a gaban gidan wayar, na shimfiɗa hotunan biyu a gwiwata. Ko makaho aka ba ya shafa ya san wanda za a zaɓa. Sai wata murya ta ce mini, wa ya yi shekara biyu yana taka keke? Wa aka yi wa dariya a wurin awo? Yanzu Sallau da bai san harafi ko ɗaya ba ya zo rana ɗaya ya ɗauke? Wallahi ban daɗe ina gardama da ita ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na zare hotunan Tudu na sa a tamu ambulan, na kankare gaba goma sha biyar ta zurfin rijiyarmu na rubuta arba'in, na liƙe, na miƙa. Tasu kuwa na komo da ita gida, tana nan ƙarƙashin rigunana a adaka, da yatsun mutum sittin da wani abu a ciki. Na ce wa kaina baɗi sai in aika musu tasu, wa ya cutu?

Bayan wata huɗu amsa ta zo: an zaɓi garinmu. Aka yi guɗa, mai gari ya sa maroƙa suka yi mini kirari, waɗanda suka ce mini Sai-wani-sati suka koma ce mini Mushe Mai-rijiya. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma shafi na biyu na wasiƙar ni kaɗai na san abin da ke ciki. Sun ce wannan ce rijiyarsu ta ƙarshe a yankinmu, daga ita za su koma wata jiha, ke nan babu wani baɗi. Sun ce shugabarsu, wata Madam, za ta zo da kanta tare da injiniya kafin a fara haƙa. Kuma ta rubuto da hannunta cewa hoton tsohuwar nan sun rataye shi a zauren taronsu, hannuwanta ne suka sa manomansu suka amince, don haka tana so ta riƙe hannun nan ta gaishe ta a bakin rijiyarta. Na naɗe shafin na ɓoye.

A Tudu kuwa an juya wa Sallau baya. Sun ce ga garin da bai kai su wahala ba ya samu, su ko amsa babu, to ina ya kai yatsunsu? Wasu sun ce ya sayar wa hukuma. Da gardawa, dogaran hukuma, suka zo ƙidayar dabbobi sai aka ce kun gani, ga abin da muka sa wa hannu. Mutumin da ya dafa Alƙur'ani saboda maganata, yau in ya zauna a dandali sai a tashi a bar shi. Mun haɗu a kasuwa, ya rame, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan kawu, ka tabbata takardar nan ta tahi?" Na ce da hannuna na sa ta. Ya ce, "To, Allah bai nuhwa ba. Barka da taku." Tunda muka tashi, ranar ce kaɗai bai kira ni ɓarawo ba. Da ma ya kira.

Maimakon in tuba, kun san abin da na shirya? Na ce tunda ni kaɗai ke jin Faransanci, ni zan zama tafinta. In ɗauko Gwaggo in kawo ta garinmu ranar, in tsayar da ita bakin rijiyarmu, duk abin da ta faɗa in juya shi yadda na ga dama. In injiniya ya zura igiya ya ga ba ta kai ba, in ce damina ce ta ɗago ruwan. Da wannan niyyar na je Tudu shekaranjiya. Na same ta inda na san zan same ta, ita da wata mata suna ja. Ta gan ni ta washe baki. "Lale da ɗana na kaina! Zamna ka sha ruwa, ka sha rana." Ta tsiyaya mini a ƙwarya daga gugan da ta gama wahalar jawowa, na karɓa na sha. Ta ce, "Kar ka damu da maganar mutane. Ni na ce musu in dai kai ka rubuta, ta isa inda za ta. Halan Nasaran sun ga hoton nawa kuwa?" Na ce sun gani, Gwaggo, har ma babbarsu na tafe tana son ganinki, amma a garinmu za ta sauka. Ta tafa hannu ta juya wajen matan. "Kun jiya? Ban gaya muku ba? Tana tahe!" Kafin in buɗe baki labari ya zaga bakin rijiyar, wata har ta yi guɗa. Gwaggo ta ce wannan karon zanenta mai kyau za ta ɗaura, don ta ji kunya baƙi suka gan ta da tsumma. Ta ce kuma Sallau ne zai rako ta, ya ji da kunnensa, ko bakin mutane ya sauka daga kansa.

In na faɗi gaskiya gaban Madam, wa ya san ba za ta tattara takardunta ta koma ba, garin biyu duk su tashi a tutar babu? In ta yarda ta mayar da rijiyar Tudu, da wane ido zan dubi mutanen garinmu da suka riga suka ɗaure ragon tarbar baƙi? In rubuta mata tun yanzu, alhali wasiƙa ba za ta isa ba sai ta riga ta taso? In je in durƙusa gaban Sallau da ambulan ɗinsu a hannu? In kuma na yi shiru na bi shirina, watakila ya wuce lafiya, a haƙa mana rijiya, a ci gaba da yi mini kirari, Gwaggo kuwa ta koma Tudu da zanenta mai kyau tana jiran masu haƙa da ba za su taɓa zuwa ba.

Na san yadda ranar za ta kasance, kullum ina ganinta a idona. Madam za ta riƙe hannun nan da ya yi mini wanka ya ba ni fura ina yaye, ta tambaye ta, wannan ce rijiyarki? Gwaggo ba ta jin Faransanci, Madam ba ta jin Hausa. Dukansu biyu ni za su juyo su kalla.

Don girman Allah, jama'a, me zan yi?