Fitowa ta Talatin da Ɗaya, Zuwa ga Malam Sabi'u

Assalamu alaikum, Malam. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ban sami wanda zan faɗa wa ba sai kai.

Gida lafiya. Yaya Audu ya girbe dawar gonarka ta Kutama. Ɗalibanka na sakandare har yanzu suna zuwa gaisuwa.

Bayan na fita takaba na buɗe akwatinka, na tarar da mujallar nan da ka shekara goma sha biyu kana rubutawa da biro a littattafan makaranta: Mujallar Masana ta Duniyar Shamsiya. Wai Hausawa sun yi ƙaura zuwa wani tauraro, sun kafa jami'a, malamansu suna buga bincike suna ƙaryata juna. Duk kai ka ƙirƙiro su. Ka tuna yadda nake maka dariya, ina cewa babba da kai kana wasan yara? Sau uku ka ajiye mini fitowa ta talatin da ɗaya a kan keken ɗinkina. Sau uku na mayar maka ban buɗe ba. Ka yafe mini.

Yanzu na karanta. Farfesa Talatu, wadda ka fi so cikin masanan naka, ta yi bayanin wata cuta da ta ɓulla a Shamsiya. Mutum yakan fara manta sunan abin da ke hannunsa, sai hannun ya soma rawa, sai tafiya ta gagara. Malam, wannan ba kai ba ne? Ranar da ka riƙe buta kana tambayata sunanta, ni na ce gajiya ce. Ashe ka sani tun kafin likita ya sani. Haka Inna mahaifiyarka ta ƙare a Gammo, mutane suna cewa sammu ne.

Shafin ƙarshe ne ya hana ni sukuni. Talatu ta ce cutar jini take bi, kuma a wurin ɗa takan zo da wuri fiye da yadda ta zo wa mahaifi. A ina ka samo wannan? Ƙirƙira ce irin ta sauran, ko kuwa wani abu ka karanta ka kasa faɗa mini baki da baki?

Zainab ɗinmu ta cika ashirin da biyu. Shekaranjiya muna tuwo ta miƙo hannu ta ce in ba ta abin nan, abin nan na tuƙi. Ta tsaya tana kallon muciya. Daga baya ta yi dariya ta ce karatun jarrabawa ne ya cika mata kai. Ni ma na yi dariyar. Wataƙila gaskiyarta ne.

Litinin zan kai ta asibiti a Kano. Na ce mata ni ce ba ni da lafiya, ta raka ni.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Talatu ta yi kuskure.

Matarka,
Rabi, Gwarzo