Man sitiyarin Kawu

Laraba da dare, Wurno.

Yau tsiyata ta kusa hana ni tuƙin da Kawu yay yi min alkawari. Ya sayo mota, nic ce, "Kawu, duba man sitiyari!" Alhali na san sitiyarin na lantarki ne, ba gwangwanin mai, ba bel mai juya famfon mai irin na tsohuwar motarshi. Bawan Allah ya buɗe bonet shina ta lalube, direbobin tasha na dariya.

Da yag gane, na ce a raina tawa ta ƙare. Sai yac ce, "Ɗan banza, to mi ka juya sitiyarin?" Na nuna mishi ɗan injin ƙarƙashin sitiyari. Ya murɗe min kunne, yac ce gobe ni za ni kai shi Goronyo.

Kunnen na zafi har yanzu, amma makullin na ƙarƙashin matashina.